Kalmasa

A Aboabo, bayan masallacin da ke kallon kwata,
akwai gida mai ɗaki goma sha huɗu da mita ɗaya.
Nan nake. Tela ne ni, Gariba sunana.
Tun da Malam Bawa ya koma Salaga
aka ɗora mini rabon kuɗin wuta,
ba don na fi kowa lissafi ba,
don dai kunnena na jin harshe uku.

Ƙarshen wata, bayan lisha,
sai a shimfiɗa tabarma ƙarƙashin igiyar shanya.
Takardar wuta a tsakiya kamar gawar baƙo,
kowa na kallo, ba mai cewa tasa ce.

Maame Pokuwa ke farawa, da Tonanci,
tana nuna ƙofar Alidu da leɓe:
"Gaya wa ɓarawon can,
dutsen gugarsa ke shanye mana jini."
Sai in gyara hula, in juya da Dagwambanci:
"Maame na gaishe ka da aiki.
Ta ce rigunanka sun fi na kowa sheƙi,
ko za a bar guga sai Juma'a-Juma'a?"

Alidu ya ja tsaki:
"Firjinta fa? Mushen nan mai gurnani har asuba,
da ita da shi ban san wa ya girmi wani ba."
In ce: "Maame, ya ce ruwan sanyinki
ya jiƙa maƙoshin gidan nan da azumi,
sai dai injin na son a duba shi."

Haka nake, wata bayan wata.
Magana ta zo mini da baki a tsefe,
in naɗe, in danne da babban yatsa,
in bi ta da kalmasa.
Wani daren in kwanta ina tambayar rufi:
Gariba, sulhu kake ɗinkawa ko ƙarya?
Rufin kwano ne mai huji,
amsarsa ɗigon ruwa a goshi.

Ran da asiri ya tonu
ba babba ne ya tona ba.
Nasiba ce, 'yar shekara takwas,
wadda ta tashi a tsakar gidan nan
tana tsintar harsuna kamar gyaɗar da ta zube.
Tana kankarar ƙanzo a tukunya ta ɗago:
"Baba Gariba, ai ba haka ta ce ba.
Ɓarawo ta ce."

Tsit.
Har firjin ya ɗauke numfashi.
Na nemi miyau a bakina na rasa.

Maame ta kwance bakin zaninta ta sake ɗaurewa,
ta dube ni, ta yi magana da Hausa,
Hausa garau, irin ta 'yan goro:
"Shekara talatin ina sayar da banda a Kejetiya,
kana zaton ban jin abin da kake faɗa masa?
Na san kana wankewa,
shi ya sa nake miƙo maka da dauɗarta.
In na haɗiye, ni za ta ci."

Alidu ya sunkuya yana dariya ta hanci.
Ashe shi ma shekara bakwai ya yi
yana yaron mota a hanyar Mampong,
Tonanci a bakinsa kamar ruwan randa.
Duk watannin nan yana jin ɗanyar,
yana jira in ba shi dafaffiya.

Aka raba. Sidi arba'in a kanta,
talatin da biyar a kansa.
Biyar ɗin da ta ƙi shiga lissafi
na cika daga aljihuna kamar kullum.
Ba wanda ya sani.
Ko da yake yanzu ba na rantsuwa a kan haka.

Da aka naɗe tabarma na kira Nasiba.
Na so in yi mata faɗa,
na rasa da wane harshe zan fara.
Sai na miƙa mata zare da allura:
"Zura mini wannan tukuna."
Ta zura tashi ɗaya, ta ce, "Sai me?"
Na ce, "Sai ki zauna nan kusa da keke.
Gobe wani zai kawo abin da ya yage."